Waiwaye: Jirgin MR-63 na Montreal, mai tayar roba da birkin katako

Duk wanda ya ji an ce jirgin ƙasa abin da zai zo masa a rai ƙarfe ne kan ƙarfe, ƙara kamar maƙera. To a Montreal ta ƙasar Kanada akwai wani jirgi da ya yi shekara kusan 52 yana jigilar mutane a ƙarƙashin ƙasa a kan tayar roba irin ta manyan motoci, sunansa MR-63, kuma ni dai wallahi tarihinsa yana burge ni.

Asalin dabarar daga Faransa take. Bayan yaƙin duniya na biyu layukan metro (jirgin ƙarƙashin ƙasa) na Paris sun sha jiki, sai hukumar sufurin Paris, RATP, da kamfanin taya na Michelin suka fara gwada jirgi mai tayar roba a farkon shekarun 1950, a 1956 aka mayar da layi na 11 kan wannan tsari. Da magajin garin Montreal Jean Drapeau ya tashi gina wa birninsa metro sai ya ɗauko na Paris ɗin, injiniyoyin Faransa suka taya su, aka kwaikwayi jirgin metro na Paris mai suna MP 59. Kamfanin Canadian Vickers ne ya ƙera taragu 369 a nan cikin Montreal, aka buɗe metro ranar 14 ga Oktoba 1966, ana saura 'yan watanni a fara babban baje kolin duniya na 1967. Kalarsa shuɗi da farin layi a jiki, taragu uku-uku ake haɗawa, biyu masu inji ɗaya a tsakiya ba inji, in aka jera saiti uku ka ga taragu tara kenan.

Yadda yake tafiya shi ne abin kallo. Manyan tayoyin suna gudu a kan shimfiɗaɗɗen titi guda biyu, sannan akwai wasu ƙananan tayoyi a kwance da suke dafa sandunan gefe don kar jirgin ya kauce, kuma ta waɗannan sandunan ne yake shan wuta mai ƙarfin bolt 750. Ba wai sun yar da ƙarfe gaba ɗaya ba ne fa, a bayan kowace taya akwai wilin ƙarfe da layin dogo na ƙarfe a ƙasansa, in taya ta yi faci sai jirgin ya sauka a kansa, haka ma wajen canza layi shi ke aiki. Roba tana kama ƙasa sosai, shi ya sa jirgin ke tashi da sauri, ya tsaya da sauri, ya hau tudun da mai wilin ƙarfe zai yi ta santsi. Amma a garin da dusar ƙanƙara ke rufe komai wata da watanni roba ba ta da daɗin sha'ani a fili, don haka duk layukan Montreal a rufe suke cikin rami.

Sai birki, nan ne na fi so. Takalmin birkinsa na katako ne, a shagon hukumar sufurin Montreal suke yanka shi su jiƙa shi cikin man gyaɗa mai zafi don kar ya kama da wuta in ya gogi wilin ƙarfen. Eh, man gyaɗa dai wanda muka sani na suya. Katakon ba ya cin wili, ba ya ƙara sosai, kuma masu hawa sun saba jin wani ɗan ƙauri a tasha in jirgi ya ja birki.

Ba a rasa matsala ba. Roba na kawo zafi, ramin a rufe, taragun kuma ba AC, fasinjoji sun sha gumi tun shekarun farko har sai da aka ƙara fankoki. A Disamban 1971 jirgi ya yi karo kusa da tashar Henri-Bourassa wuta ta tashi direban ya rasu, a Janairun 1974 kuma fashewar taya ta jawo gobara tsakanin Laurier da Rosemont ta cinye jirgi guda. Bayan nan dole aka sake tsarin kariya daga gobara a cikin ramukan.

A 1976 sabon samfurin MR-73 na Bombardier ya shigo, amma tsohon bai je ko'ina ba, a shekarun 1990 aka yi masa garambawul ya ci gaba da ɗaukar fasinjoji musamman a koren layi (da kala ake kiran layukan Montreal). Ni a ganina sirrin daɗewarsa na hannun makanikai ne, mutanen da suka yi ta kwance shi suna ɗaurawa, kayan gyara na ƙarewa a kasuwa suna nemo dabara, jirgin da ya girmi yawancin masu gyara shi amma kullum da asuba yana kan layi.

Jiragen Azur na Bombardier da Alstom sun fara aiki a 2016, aka riƙa janye tsofaffin kaɗan-kaɗan, ranar 21 ga Yuni 2018 MR-63 ya yi tafiyarsa ta ƙarshe a shuɗin layi. Yawancin taragun an farfasa su, an sayar da wasu kaɗan ga masu son mayar da su wani abin, ɗaya kuma yana ajiye a gidan tarihin jiragen ƙasa na Exporail da ke Saint-Constant.