Kumburin ciki bayan cin wake ba dalilin shan Flagyl ba ne

Da yawa daga cikinmu, da zarar ciki ya fara ƙugi bayan an ci wake da shinkafa ko alale, sai a nufi kemis a ce a ba da Flagyl, maganin kashe ƙwayoyin cuta. Jama'a, a daina.

Babban hanjin ɗan Adam cike yake da ƙwayoyin bakteriya, tiriliyoyinsu. Wake yana ɗauke da wani nau'in sukari, rafinos, wanda ƙaramin hanji ba ya iya narkarwa. Sai ya gangara babban hanji, ƙwayoyin su tsima shi, kamar yadda ƙullin koko ke kwana ya yi tsami ya taso da kumfa. Nan iska take samuwa, galibi haidurojin da kabon dayoksaid. Tare da ita kuma ake samun butiret, wanda shi ne babban abincin bangon hanjin kansa.

Ita iskar ma tana da nata tasirin. Idan haidurojin ya taru, tsimawar takan yi sanyi, don haka akwai wasu ƙwayoyin hanji da aikinsu shi ne cinye shi. Wata mai suna Methanobrevibacter smithii tana mayar da shi wani nau'in iska mai suna mitan, wanda ba shi da wari, amma yawansa yakan zo tare da taurin bayan gida. Wasu kuma suna haɗa shi da sulfa, su ne masu fitar da warin ruɓaɓɓen ƙwai da ke sa a tashi daga zaure. Sakin iska sau 10 zuwa 20 a rana ba ciwo ba ne, sai dai kunya. Flagyl kuwa ba ya tantancewa, yana kashe ƙwayoyin hanji masu amfani tare da marasa amfani.

A jiƙa wake ya kwana, a zubar da ruwan, a dafa shi ya nuna luguf. Wanda bai saba ci ba ya fara da kaɗan, hanji yakan saba cikin 'yan makonni. Mai kumburi bayan shan madara ya gwada kindirmo.

Amma in ciki ya kumbura ya yi tauri, ga amai, ba bayan gida ba iska, to a garzaya asibiti a take, domin hanji na iya toshewa. Haka ma in an ga jini a bayan gida ko rama ba gaira ba dalili.