Yadda PostgreSQL ke zaɓen alamar aiki idan nau'o'i sun saɓa

A rumbun bayanai na PostgreSQL, mai rubuta manhaja yana iya ƙirƙirar tasa alamar aiki, irin su = ko +, da umarnin CREATE OPERATOR. Sai ya faɗi nau'in bayanin da zai zauna a hagu da wanda zai zauna a dama, kuma dole aikin da alamar za ta kira ya karɓi waɗannan nau'o'in daidai. In an kuskure nan, rumbun zai ƙi nan take, don haka gyaran ba wuya.

Wahalar tana zuwa ne wajen amfani. Duk lokacin da rumbun ya ga alama a cikin tambaya, wato umarnin neman bayani, yakan fara neman wadda nau'o'inta suka dace daidai. In babu, sai ya duba waɗanda zai iya juya wa bayani da kansa, ya tace su har ɗaya ta rage. In ba ta rage ba, ya ƙi aikin. Tun fitowar siga ta 8.3 a 2008 aka daina juya lamba zuwa rubutu kai tsaye, shi ya sa gwada lamba da rubutu yake jawo ƙorafin cewa babu irin wannan alamar.

Abin da ya fi damuna shi ne inda ba a yin ƙorafi ko kaɗan. A ce ka gina sabon nau'i da ka kira suna a kan text, wato nau'in rubutu, da umarnin CREATE DOMAIN, sannan ka yi = wadda ba ta bambanta manyan baƙaƙe da ƙanana, suna a hagu, text a dama. Ka nemi 'musa', alhali Musa aka ajiye da babban baƙi. Kalmar da ke cikin alamun zance ba ta da nau'i tukuna, sai rumbun ya ɗauke ta suna ce kamar ta hagu. Bai sami alamar suna da suna ba, sai ya koma tushe, ya ɗauki tasa ta text da text. Taka ko taɓa ta bai yi ba, kuma Musa ba zai fito a sakamakon ba.

Gyara biyu ne: ko ka rubuta 'musa'::text don ka faɗi nau'in kalmar da kanka, ko ka sa suna a ɓangarorin biyu tun wajen ƙirƙira. Ni na fi son na biyun, domin duk wanda zai rubuta tambaya bayanka ba sai ya tuna da wannan ba.