Tsawa ce ke sa ma'aikata aiki?

An daɗe ana cewa sai shugaba ya ɗaure fuska, yana tsawa, ma'aikata ke yin aiki. Masu wannan ra'ayi suna da hujjarsu, domin idan oga ya shigo da faɗa, nan take kowa zai duƙufa a kan teburinsa.

Sai dai tsoro yana koya wa mutum ɓoye kuskure. A shekarun 1990 an yi wani bincike a asibitocin Amurka, aka ga sassan da shugabanninsu ke sauraron ma'aikata sun fi kai rahoton kurakuran ba da magani. Dalili kuwa, ma'aikatan jinyar can ba sa shakkar faɗin gaskiya. Inda ake tsawa, shiru ake yi, matsalar ta ci gaba da girma a ɓoye. Wannan ba ya hana shugaba tsawatarwa idan an yi sakaci, muddin babu cin mutunci.

Kana iya dubawa da kanka a wurin aikinka. Wa ke iya kai wa shugaba labari marar daɗi? Mutum nawa suka ajiye aiki bara? Aiki yana tafiya ranar da ba ya nan?

A taimaka a tura wa abokan aiki wannan bayani.