Jirgin jan masu zamiya a tafki: yadda ake kula da shi da yadda ake fita da shi

Wane irin jirgi ne wannan?

Ƙaramin jirgi ne mai inji da ke jan mutum da igiya, shi kuwa yana tsaye a kan katako yana zamiya bisa ruwa. Wani saurayi, Ralph Samuelson, ya fara wasan a 1922 a tafkin Pepin da ke jihar Minnesota a Amurka. Jiragen da aka ƙera dominsa, irin su Ski Nautique da MasterCraft, injinsu na tsakiyar jirgi, farfela kuma tana ƙarƙashi. Igiyar takan kai mita 23, gudun gasar maza kuma har kilomita 58 a awa.

Wane abu ne ya fi saurin kashe injin?

Wata 'yar roba mai fukafukai, wadda ba ta kai tafin hannu ba. Mota lagireto ne ke sanyaya ta, amma yawancin waɗannan jiragen ruwan tafkin suke zuƙa, kuma wannan robar ce ke juyawa a cikin famfo tana tura shi. In ka tayar da inji jirgin yana kan tirelar da ake jansa da ita a tudu, babu ruwa, nan da nan za ta ƙone. Ka buɗe famfon ka ga fukafukan sun tsattsage, gutsattsarinsu sun shige bututu sun toshe hanya. Ni dai shawarata, a canza ta duk shekara ko da ido ya ga lafiyarta ƙalau, a kuma ajiye sabuwa a cikin jirgi. Kuɗinta kaɗan ne, kuɗin inji kuwa ba a magana.

Baƙin mai fa?

A canza shi bayan awa 50 na aiki, ko sau ɗaya a shekara, duk wanda ya riga zuwa.

Me ake yi kafin a sa jirgin a ruwa?

Fara da matoshin ramin da ke ƙasan jirgi, wanda ake cirewa don ruwa ya tsiyaye: ka tabbata an mayar da shi. Har gwanaye kan manta da shi, sai sun ji ruwa ya taɓa musu idon sawu. Sannan ka kunna fankar ɗakin inji minti 4 kafin ka murɗa makulli, domin tururin fetur ya fi iska nauyi, a ƙasa yake taruwa, tartsatsi ɗaya ya ishe shi. Ɗaga murfin ka shinshina ma.

Mutum nawa ake bukata?

Uku: direba, mai zamiya, da mai sa ido wanda ke fuskantar baya. Mai zamiya da rigar ceto a jikinsa. In ya faɗi, a zagayo masa ta gefen direba, kuma a kashe inji kafin ya matso ya hau. Kada a bar yara su zauna a dandamalin baya inji na aiki. Gubar hayaƙin ba ta da wari, kuma tana kisa.

In sanyi ya shigo fa?

A wurare irin Minnesota tafki kan daskare. Ruwan da ya kwana a cikin inji in ya zama ƙanƙara kumbura yake yi ya fasa ƙarfen, don haka a watan Oktoba ake tsiyaye shi kaf, a zuba wa fetur maganin hana lalacewa, a lulluɓe jirgin sai ƙanƙara ta narke.