Likitan Ƙwaƙwalwa Na Birni, Mara Lafiya Na Ƙauye: Yaya Za A Haɗa Su?

Me ake nufi da likitan ƙwaƙwalwa ya dafa wa ƙaramin asibiti?

Ana nufin mara lafiya ya ci gaba da zuwa asibitin sha-ka-tafi na garinsu, wurin malamin asibitin da ya saba da shi, shi kuma babban likita yana daga birni yana ba malamin shawara. Ba lallai ya ga mara lafiyan ido da ido ba. Duk mako ko duk wata, ta waya ko ta ziyara, sai su buɗe rajista su bi sunaye ɗaya bayan ɗaya: wane ya samu sauƙi, wane shiru, wane ya daina zuwa.

Me zai hana a tura kowa asibitin ƙwaƙwalwa na Dawanau ko na Kazaure kawai?

Hannu ya yi kaɗan. Likitocin ƙwaƙwalwa a Najeriya ƴan ɗaruruwa ne, mu kuwa mun haura miliyan 200, kuma yawancinsu suna manyan birane. Ko a Kano, ban da asibitin Dawanau da sashen ƙwaƙwalwa na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ina za ka nufa?

Sai kuɗin mota. Mutumin da zai taso daga wani ƙauyen Sumaila ko Gwaram ba shi kaɗai zai zo ba, sai da ɗan rakiya, kuma an bar gona ranar. Zuwan farko a daure, na biyu a ci bashi, na uku shiru. Ga kuma sunan wurin. A Kano in aka ce wa mutum "sai an kai ka Dawanau", ai zagi ne. Uwar da ke da budurwa a ɗaka ta gwammace ta ɓoye ciwon da a ji labari ya kai gidan surukai. Amma zuwa asibitin gari, wa zai tambaye ta? Kowa na zuwa awo da rigakafi.

To yaya zaman shawarar yake?

A ce wani magidanci ya zo sau uku cikin damina yana kukan ciwon jiki da kasala. An yi gwajin zazzaɓin cizon sauro, babu. Sai malamin asibiti ya yi masa tambayoyin nan tara da ake kira PHQ-9, masu auna nauyin ciwon damuwa, makinsu daga sifili zuwa 27. Ya samu 17. Aka ɗora shi a kan maganin damuwa mai suna amitriptyline. Bayan mako shida maki ya sauko 15 kacal.

"Ranka ya daɗe, wannan ya ƙi motsi," in ji malamin, yana gaya wa babban likita.

"Malam, yaushe yake shan maganin?"

"Ya ce da safe, in ya tuna. Wai yana kashe masa jiki a gona, ga bushewar baki."

"Ya mayar da shi bayan isha'i. Ka tambaye shi ko yana taɓa tiramol don ƙarfin noma. Sannan ka tambayi mai ɗakinsa, ya taɓa yin kwanaki ba barci, ga surutu, ga ɓarnar kuɗi? In ya taɓa, kada ka ƙara masa ko ƙwaya, ka kira ni."

Tambayar ƙarshen nan ita ce ribar samun gwani a kusa. Mai ciwon da kan hau ya sauka, in aka ba shi maganin damuwa zalla, yana iya birkicewa. Malamin da ya ji wannan sau ɗaya ba zai manta ba, gobe da kansa zai yi tambayar. Ni a ganina rajistar ma ta fi wayar muhimmanci. In babu ita, waɗanda suka dawo kaɗai za a riƙa tattaunawa a kansu, alhali wanda ya ɓace shi ne abin tsoro.

Malamin asibiti ya isa ya ba da irin wannan magani?

In an horar da shi, kuma akwai mai duba bayansa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da shirin mhGAP a 2008, da littafin jagora a 2010, domin ma'aikatan da ba ƙwararru ba su iya kula da damuwa, taɓin hankali, farfaɗiya da shaye-shaye. Tun 1991 manufar Najeriya ta sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin aikin lafiya na matakin farko. A takarda dai mun daɗe da yarda. Horon kwana biyar kuwa, in ba bibiya, takardar shaida ce kawai a bango.

An gwada an ga amfani?

A Amurka, wani bincike na 2002 kan dattawa 1,801 masu ciwon damuwa ya nuna kashi 45 cikin ɗari na waɗanda aka kula da su ta wannan hanya ciwonsu ya ragu da rabi bayan shekara, a kan kashi 19 na sauran. Mu ma ba baƙi ba ne: a 1954 Farfesa Lambo, likitan ƙwaƙwalwa, ya fara ajiye marasa lafiya tare da danginsu a ƙauyen Aro kusa da Abeokuta.

Masu ruƙiya da masu maganin gargajiya fa?

Nan ne mutanenmu ke fara zuwa, faɗa da su ɓata lokaci ne. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada haɗa su da ma'aikatan lafiya a Ibadan da Kumasi ta Gana, sakamakon da ya fito a 2020 ya nuna masu taɓin hankali sun fi samun sauƙi. A yi addu'a, a sha magani. Abin da ba za a lamunta ba shi ne ɗaurin mari, duka, da hana abinci.

Wane ne dole a wuce da shi babban asibiti?

Wanda ke maganar kashe kansa ko ya yunƙura, musamman in akwai maganin ƙwari a gidan. Mai jegon da ta rikice cikin kwanakin wanka, tana jin muryoyi ko tana ƙin jaririn. Wanda farfaɗiya ta ƙi saki fiye da minti biyar. Da wanda ruɗewa ta zo masa farat ɗaya tare da zazzaɓi ko sanƙarar wuya, domin wannan yana iya zama sanƙarau. Irin waɗannan ba a jira ranar zaman shawara, a kira likitan nan take, a nemo mota.