Ba kibau ne suka kashe Waliyyi Sebastian ba

Duk wanda ya ga hoton Waliyyi Sebastian a cocin Italiya, an ɗaure shi a jikin itace, kibau sun soke shi ta ko'ina, zai ɗauka nan ya cika. Haka aka daɗe ana zato, kuma masu zanen ne suka jawo. Ko Giambattista Tiepolo, gwanin birnin Venice, da ya yi wa wani coci a Diessen ta Jamus zanen shahadarsa a 1739, kibau ya nuna.

Amma labarin da Kiristoci suka gada ba haka ya ce ba. Sebastian soja ne a zamanin Sarkin Rum Diocletian. Da aka gano Kirista ne, sarki ya sa maharba suka harbe shi, suka tafi suna zaton ya mutu. Wata mata mai suna Irene ta same shi da sauran numfashi, ta yi jinyarsa har ya warke. Maimakon ya gudu, sai ya tari sarkin yana zarginsa da zaluntar Kiristoci. Nan aka kashe shi da kulake, aka jefa gawarsa a Cloaca Maxima, babbar magudanar ƙazanta ta Rum.

To me ya sa kibau suka yi rinjaye? Tun zamanin da Turawa suna kamanta annoba da kibau masu saukowa daga sama, shi kuwa ya sha kibau ya rayu, don haka suka riƙe shi majiɓincinsu a lokacin annoba. Ga kuma damar zana jikin saurayi, abin da duka da kulki ba zai bayar ba. Ludovico Carracci ne ya saɓa wa al'ada a 1612, ya zana ana jefa gawar cikin magudanar.