Na'urar da ke hango abin da ke tahowa ta gefe idan kana ribas: tambayoyi da amsoshi

Wace na'ura ce wannan, kuma me ya bambanta ta da kyamarar ribas?

A ce ka yi fakin a gaban kanti, ka shiga da kai, jif a hagunka, bas a damanka. Idan ka tashi fita, kyamara za ta nuna maka abin da ke bayanka kai tsaye. Amma motar da ke tahowa a layin da za ka faɗa, ba za ka gan ta ba sai rabin motarka ya riga ya fito, domin kai a gaba kake zaune. Wannan giɓin ne na'urar ke cikewa. Radar biyu ne, wato na'urorin da ke gano abu da igiyar rediyo, a ɓoye cikin bamban baya, ɗaya a kowace kusurwa, kuma yawanci su ne masu kunna 'yar fitilar madubi idan wata mota ta ɓuya a gefenka a kan titi. Da ka sa giyar ribas sai su koma leƙen hagu da dama. Tunda a wutsiyar mota suke, suna riga idonka fita daga lungu. A motocin Toyota za ka ga an rubuta sunanta a taƙaice RCTA, wato gargaɗin abin da ke gilmawa ta baya.

Yaya take sanar da direba?

Ƙara take yi, fitilar madubin gefen da abin ke tahowa ta riƙa walƙiya, wani lokaci kibiya ta bayyana a allon kyamara. Wasu motocin suna taka birki da kansu idan ka yi jinkiri, amma ba duka ba. Ka duba littafin motarka ka san wacce kake da ita.

Da gaske tana rage haɗari?

Tana ragewa. Cibiyar IIHS, wadda kamfanonin inshora na Amurka ke ɗaukar nauyinta, ta gano cewa na'urar ta rage haɗurran ribas da aka kai rahotonsu ga 'yan sanda da kashi 22 cikin 100. Ba ƙaramin abu ba ne ga na'urar da gargaɗi kawai take yi.

To a ina take gazawa?

Nan ne nake so mai karatu ya tsaya. A 2015 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada irin waɗannan na'urori da manyan motoci a gefe da gefe. Sun kasa gano mota a kashi 30 cikin 100 na gwajin, keke a kashi 40, babur a kashi 48, mai tafiya a ƙafa kuwa a kashi 60. An sami ci gaba tun daga lokacin, sai dai motocin waɗancan shekarun ne ke cika kasuwar kwatano a yau. Kuma abin da ya fi gilmawa ta bayan mota a Kano ko Maraɗi ba mota ba ce, mai babur ne, mai kura, ko yarinya da farantin talla a ka. Wato inda na'urar ta fi rauni, nan ne buƙatarmu ta fi yawa.

Akwai kuma maganar gudu. Littafin wasu samfuran Toyota ya ce sai motarka tana tafiya ƙasa da kilomita 8 a awa, abin da ke tahowa kuma tsakanin kilomita 8 zuwa 28. Yaro mai tafiya a hankali ko tsaye bai shiga lissafin ba. Fakin a karkace ma yana rikita ta, haka katanga ko ƙofar ƙarfe da ta tare radar. Don haka ka fito sannu a hankali, ƙafa a kan birki, kana waiwaye. A gida kuwa, inda yara ke wasa, ka zagaya motar kafin ka shiga.

Na sayi 'yar kwatano mai wannan na'ura, amma ban taɓa jin ƙararta ba. Me ya sa?

Wataƙila an kashe ta a saiti, ko laka ta lulluɓe kusurwar bamba. Goge wurin ka sake gwadawa. Amma abin da ya fi yawa shi ne mota ta taɓa buguwa ta baya. Idan mai gyaran jiki ya lafta fila mai kauri ko fenti da yawa a kan wurin radar, ko ya mayar da shi a karkace, zai rasa saiti, wani lokaci ba tare da wata fitila ta kama ba. Har ma akan sauya bamba a bar radar ɗin bai haɗu da waya ba. Ka kai ta wurin mai duba mota da kwamfuta ya daidaita shi, sannan ka gwada a fili: wani ya wuce ta bayanka da mota a hankali, kai kana cikin giyar ribas, ƙafa a birki.

Wanda motarsa ba ta da ita fa?

Ya shiga wurin fakin da baya, ya fita da gaba. Lokacin shiga ka riga ka ga wurin da idonka, kuma ba mai gilmawa a cikinsa. Lokacin fita kuwa kana kusa da hancin mota, kana ganin layin da wuri. AAA ma shawarar da ta bayar ke nan bayan gwajin nata, har ga masu na'urar.